Baro Goma Sha Huɗu na Baƙar Ƙasa

"Kada ka taɓa ta."

Ban san lokacin da na buge masa hannu ba. Alewar da yake miƙa wa Tsuntsuwa ta yi tsalle ta faɗa a tsakar gida.

Ya tsaya yana kallona, baki buɗe.

"Auta... lafiya?"

"Kalli hannunka."

Ya kalla. Ni ma na kalla, kamar yau na fara ganinsa. Baƙi ya shige kowace tsaga. Faratan sun cinye. Bayan yatsun duk tabo ne, inda ruwan batir ya ɗiga ya ci fata. Shekara biyu ina son wannan hannun, ina cewa hannun mai nema ne. Yau da na kalle shi sai na kau da kai.

Gatari ake ce masa, don sara ɗaya yake yi wa batirin mota ya rabe biyu. A bayan layinmu yake aiki, wurin da ake fasa tsofaffin batura. Su tuntsurar da ruwan a kwata, su zaro farantan dalma, su narka a wata ƙatuwar tukunya, su zuba su zama sanduna. Ni kuwa kitso nake yi a tsakar gidanmu. Tsuntsuwa 'yar yayata ce, shekararta uku. Surutunta ne ya jawo mata sunan.

Wata biyu ke nan surutun ya ɗauke. Ciwon ciki, ƙin abinci, kuka ba dalili. Kalmomin da ta iya suka riƙa zubewa ɗaya bayan ɗaya, har ta koma nuni da yatsa.

Da safen nan muka karɓo sakamakon gwajin jininta, ni da Yaya. Likitar ta cire tabarau ta ce, "Dalma ce a jikinta, kuma da yawa. A ina take wasa?"

"A tsakar gida," in ji Yaya. "Ko ƙofa ba ta fita."

"Me aka zuba a tsakar gidan?"

Yaya ta juyo ta kalle ni.

Daminar bara tsakar gidanmu tafki ya zama. Masu zuwa kitso sai sun tattare zane, wasu su leƙo su juya. Na yi wa Gatari ƙorafi sau ɗaya tak. Washegari sai ga shi da baro. Baƙar ƙasa ce mai nauyi, da ɗan ƙyalli a jikinta.

"Tokar tukunya ce da ƙasar wurin aikinmu," ya ce yana haki. "Idan ta daddaɓu ta fi siminti. Ke dai zauna ki sha kallo, sarauniyata."

Baro goma sha huɗu ya kawo. Na ƙirga, don daɗi nake ji. Ko Umma, da ba ta taɓa sakar masa fuska ba, ranar sai da ta ce, "Allah ya yi albarka."

A kan wannan ƙasar nake shara kullum da safe, ƙura tana tashi. A kanta Tsuntsuwa take zama kusa da ƙafata, tana dafa abincin wasa a murfin gwangwani, tana ɗanɗanawa, muna dariya.

"Ƙasar da ka kawo ce," na ce masa. "Ita yarinyar nan take ci shekara guda."

"Ƙasa? Auta, ƙasa ce fa kawai..."

"Guba ce."

"Wallahi ban..."

Yaya ta fito daga ɗaki kamar an jefo ta. Ta sure 'yarta ta rungume.

"Me yake yi a nan? Bai gama ba ne? Ya zo ya ƙarasa ta?"

Umma ta biyo ta a baya. Ba ta ɗaga murya ba.

"Tun farko na ce mutumin da wandonsa ba ya wata guda bai huje ba, ba zai zauna mini a kan tabarma ba. Aka ce na cika ƙyama. To ga shi. Fita, ɗan nan. Kada in ƙara ganin ƙafarka."

Ya kalle ni, yana jira in ce wani abu.

Warin jikinsa ya bugo ni, wannan tsami-tsamin mai haɗe da ƙauri. Da har kewarsa nake yi. Na toshe hanci da gefen mayafi.

Ya ga na toshe. Ya sunkuyar da kai ya fita.

An kwantar da Tsuntsuwa a asibiti, aka fara ba ta maganin da zai fitar da dalmar. Likita ta ce ko an sallame ta kada ta koma gidan sai an kwashe ƙasar. Na daina kitso. Na daina shara. Ko ban ɗaki za ni, a gefen bango nake rakuɓewa. Abinci ma idan na kai baki sai in ji kamar da tsakuwa a ciki.

Kwana biyu da haka, da la'asar, mota ta tsaya a ƙofar gida. Ɗan Oga ne, ɗan mai wurin fasa baturan. Wata shida yana aiko mini da saƙo ina share shi. Fararen kaya, farin takalmi, turare kamar an fasa shago. Direbansa ya shigo da katan ɗin madara.

"Umma, na ji abin da ya faru. Raina ya ɓaci matuƙa. Ga madara, a riƙa ba ta. Ita muke ba ma'aikatanmu, tana wanke ciki tas."

"Allah sarki. Shigo mana, ga kujera."

"A'a, nan ma ya isa."

A kan dakalin bakin ƙofa ya tsaya.

"Yaron nan mun ja masa kunne," ya ci gaba. "Mun ce duk tokar a kai ta can nesa da mutane. Ya ga tafiyar da nisa, sai ya juye muku, ya ci suna a wurin budurwa. Kin san talaka da son banza..."

"Kin ji ko," in ji Umma tana hararata.

Ya juyo gare ni ya rage murya.

"Ke kuma, gimbiya, wannan fatar ba ta dace da wahala ba. Ki bar ni in fitar da ke daga ƙazantar nan."

Ƙafarsa nake kallo.

Sai na tuna. Sau uku ya taɓa zuwa gidan nan, tun kafin Tsuntsuwa ta fara ciwo. Duk a kan dakalin nan yake tsayawa. Rannan ma da ya tarar ina shara, hankici ya ciro ya rufe hanci ya ja da baya, har na ɗauka iyayi ne.

Da zai tafi ya yi kuskure, gefen takalminsa ya taɓa baƙar ƙasar. Na leƙa ta ƙofa. Kafin ya shiga mota sai da ya sa direba ya goge masa takalmin, aka jefar da tsumman a kwata.

Turaren da ya bari a ƙofa ya taso mini. Na ruga bayan gida na yi amai.

Washegari na yafa mayafi.

"Ina za ki?" in ji Umma.

"Tambaya zan yi."

"Idan wurin wancan mai warin ne, ki ajiye mini mayafina."

"Nawa ne, Umma."

Ban taɓa zuwa gidansu Gatari ba, amma na san ƙofar. Ɗaki biyu ne shi da mahaifiyarsa. Ina yin sallama na tsaya cak.

Baƙar ƙasa. Tun daga bakin ƙofa har gindin murhu, an daddaɓe ta sumul. Tsohuwar tana zaune a kai, ƙafa miƙe, tana tsince wake a tire.

"Ke ce Autar? Shigo, 'yata. Kin fi yadda yake faɗa kyau."

"Inna... wa ya zuba wannan?"

"Wa kuwa? Shi mana. A nawa gidan ya fara zubawa, da ya ga ta yi kyau ya ce bari ya kai wa surukai." Ta yi dariya, sai kuma dariyar ta mutu. "Jiya ya shigo ya ce in tashi daga kai. Ya ce in koma gidan ƙanwata. Na ce a ina aka taɓa gudun ƙasa? Ya zauna nan yana kuka kamar yaro. Kwana biyu bai ci komai ba."

"Wa ya ba shi ƙasar?"

"Ɗan mai wurin. Ya ce masu duba tsaftar unguwa za su zo, tarin tokar ya yi yawa, kowa ya ɗiba kyauta ya cike ramin gidansa. Har shi ya ba su aron baro. Gida nawa aka zuba a layin nan, ai sai a hankali."

Na kalli tiren waken, yana zaune daram a kan ƙasar. Na ɗauke shi na ɗora kan turmi.

"Inna, don Allah ki ji maganarsa. Ki tashi."

Daga nan wurin aikinsu na nufa. Shekara biyu ina jin warin daga nesa, ban taɓa leƙawa ba.

Tun daga ƙofar langa-langa idona ya fara yaji. Batura jibge kamar bango, wasu sun kumbura, wasu suna tsiyaya. Kwatar da ke fita ruwanta launin toka ne, gefenta ya yi fari-fari, ko ciyawa ɗaya babu. A tsakiya tukunyar tana tafasa, hayaƙi mai kauri yana bin kan mutane. Babu mai safar hannu. Babu mai rufin hanci. Wani dattijo yana kwashe datti daga saman narkakkiyar dalmar da ludayi, ɗaya hannun riƙe da biredi. Ya gutsura, ya kwasa, ya gutsura. Da ya yi mini murmushi na ga dasashinsa da baƙin layi.



Can na hango shi. Ba aiki yake ba. Yana tsaye gaban Ɗan Oga, wanda ya leƙo daga ofis da hankici a hanci.

"Tambaya ɗaya na yi maka," Gatari yake cewa. "Ka sani ko ba ka sani ba?"

"Kai, koma bakin aikinka."

"Ka sani?"

"To in na sani fa? Dole na yi maka? Kai da kake wanka da ita kullum, yanzu ne za ka yi mini tsafta?"

Na ga hannunsa ya damƙe ƙotar gatarin.

"Dogona," na kira shi.

Ni kaɗai nake kiransa haka. Ya juyo. Idanunsa sun yi ja, ya rame.

"Me ya kawo ki nan? Fita, Auta, kada ki shaƙi wannan."

"Ajiye gatarin."

Ya kalli gatarin. Ya kalli Ɗan Oga. Sannan ya jingine shi da bango a hankali.

"Gimbiya," in ji Ɗan Oga, "kin ga irin mutumin da..."

"Na ga irin mutumin da ake goge wa takalmi," na ce. "Ka aiko a ɗauki madararka. Likita ta ce ba ta fitar da komai."

Dattijon ya daina tauna.

"Ba ta fitarwa?"

"Ba ta fitarwa, Baba."

Ya kalli biredin hannunsa ya daɗe.

A waje Gatari ya tsaya nesa da ni, hannuwansa a baya.

"Na je gidanku," na ce.

"Kin ga Inna?"

"Na gan ta. Na ga inda ka zaunar da ita."

Ya share ido da kafaɗa.

"Da na sani, Auta, da na haɗiye ta da in kai muku. Na ce zan burge ki ne. Ni ban yi karatun da zan gane ba. Tun ina ɗan sha biyar nake wurin nan, ba wanda ya taɓa cewa..."

"Na yarda ba ka sani ba."

"To kin yafe?"

"Ban ce ba. Yarinyar tana kwance da ƙarin ruwa a hannu. Jiya na ce ta kira sunana, kallona kawai ta yi."



"Me zan yi?"

"Likita ta sanar da ma'aikatan lafiya. Gobe za su zo gidanmu da na'urar gwada ƙasa. Gidanmu kaɗai suka sani. Kai ka san sauran."

"In na nuna musu za a rufe wurin. Mutum ashirin ke ci a nan. Za su tsine mini."

"Na sani."

"Ba ni da wata sana'a, Auta."

"Na sani, Dogona."

Ya ɗaga kai ya kalli hayaƙin da ke tsallake langa-langa yana sauka a kan shanyar mutane.

"Ƙarfe nawa za su zo?"

Gida goma sha ɗaya ya nuna musu. Yana gaba, suna biye, yana cewa nan baro shida, nan tara, nan a bakin rijiya aka zuba. Kafin mako ya ƙare an garƙame wurin da kwaɗo. Ɗan Oga da ubansa suna can suna amsa tambayoyi. Wasu abokan aikinsa suka daina gaishe shi. Wani ma ya tofa masa yawu a hanya. Dattijon nan kuwa shi ya fara bin sa asibiti.

An gwada jinin Gatari. Da likita ta ga sakamakon ta ce, "Kai da ƙafarka ka zo?"

"Da ƙafata."

"Ciwon kai fa?"

"Na ɗauka rana ce."

Ranar kwashe ƙasar gidanmu ya roƙi ma'aikatan su bar shi ya yi aikin tare da su. Suka ba shi rigar leda, safar hannu da abin rufe hanci. Umma ta ce ba zai shigo ba.

Yaya ce ta ba kowa mamaki. Daga asibiti ta zo ɗaukar kaya, idonta duk ya faɗa.

"Bar shi, Umma. Shi ya kawo, shi zai fitar. Ina so in gani da idona."

Suka jiƙa ƙasar sharkaf don kada ƙura ta tashi. Ya kama shebur. Tun hantsi yake haƙa, yana ɗurawa a buhuna, ana lodawa a motar ma'aikatan. Ƙasar da ya ce ta fi siminti ta nuna masa ta fi. Mu muna waje muna leƙe ta taga.

Na sake ƙirgawa. Baro goma sha huɗu ya kawo, kimanin baro ashirin da uku ya fitar, don sun ce a haƙa har inda ta jiƙa. Aka zuba sabuwar ƙasa, aka malala siminti.

Da suka gama ya cire rigar, ya wanke hannu da fuska a bokiti. Ya zauna a gindin bango yana numfashi sama-sama.

Umma ta daɗe tana kallonsa. Ta shiga ta ɗebo ruwa a kofi ta miƙo mini.

"Kai masa. Amma fa kofin ya zama nasa, kada ya dawo mini cikin kwanuka."

"Umma..."

"Me? Na ce ki aure shi ne? Ruwa na ce."

Na kai masa. Ya karɓa da hannu biyu.

"Har yanzu ina wari?"

"Kaɗan."

"To matsa baya."

Ban matsa ba.

Yanzu wata bakwai ke nan. Ya samu aiki da wani kamfani mai lasisi. Yana bin garejoji da a-kori-kura yana tattaro tsofaffin batura, a tsaye, ba a fasa ba, ba a zubar da ruwan ba, ya kai masana'antar da ake narkawa a rufe. Kayan aikinsa can suke kwana. Can yake wanka kafin ya fito. Abokan ba'arsa sun ce Gatari ya koma ɗan dako. Ya ce ya ji.

Umma ta amince da auren, bisa sharaɗin sai likita ta ce jininsa ya sauka. Duk wata ni nake raka shi gwaji. Yana sauka, amma a hankali.

Ni ma na kafa nawa sharaɗin. Duk ranar da ya zo, a bakin ƙofa zai tsaya ya miƙo hannuwa. In duba tafi, in duba baya, in duba farce ɗaya bayan ɗaya. In na ga baƙi in ce, "Ƙara wankewa."

Tsuntsuwa ta dawo gida. Tana ci, tana gudu a kan siminti. Maganar ce dai ba ta dawo ba. Likita ta ce wani abin zai dawo, wani kuma sai ta shiga makaranta za a gane. Ba ta yi mana alkawari ba. Yaya takan zauna ta zuba mata ido, in na gani sai in bar wurin.

Jiya da yamma ya zo ina tsakiyar kitso, hannuna duk mai. Ya tsaya a ƙofa ya miƙo hannuwa kamar kullum.

"Jira ni in ƙarasa wannan layin," na ce.

Sai ga Tsuntsuwa ta ajiye 'yar tsanarta. Ta taka har gabansa. Tun ranar da na buge alewar nan bai ƙara yarda ya matso kusa da ita ba. Ya kalle ni a tsorace.

Na gyaɗa masa kai.

Ya durƙusa. Ta kama yatsansa ta juya. Ta duba tafi, ta duba baya. Ta bi faratan ɗaya bayan ɗaya, ta ɗaure fuska irin tawa.

Hannun fes yake. Ni na sani, don daga inda nake ina jin ƙamshin sabulu.

Ta ɗago ta kalle shi.

"Ƙala wankewa."

Tsinken kitso ya faɗi daga hannuna. Yaya ta fito da gudu, ludayi a hannu.

"Wa ya yi magana? Auta, wa ya yi magana?"

Gatari ya miƙe, hawaye na bin fuskarsa, ya nufi famfo, ya ɗauki sabulu.